Ƙararrawa a Babur ɗin Mai Agogo

Sakan ake ce masa a layin, kuma shi ya ja wa kansa. Mai gyaran agogo ne, irin mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa ba zai ce maka uku ta gota ba, sai ya ce uku da minti huɗu da sakan ashirin, ya kuma ƙara maka da cewa naka agogon yana latti. Shagonsa ɗan mitsitsi ne: tebur ɗaya mai gilashi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, kwalaye cike da batura da sukurorin da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai an yi rarrafe, sai agogon bango goma sha ɗaya da ba wanda ya isa ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Lissafi ne dai ya yi masa yawa.

Yana da baƙin babur, tsoho amma lafiyayye, wanda yake zuwa aiki a kai kullum. Layin shagunan nasu kuwa matsattse ne, mota ɗaya in ta shigo sai kowa ya janye ƙafa. Saboda haka akwai wata doka da ba a rubuce take ba: duk wanda ya kafe babur a layin zai bar shi a firi, ba zai kulle kan ba. In mai walda zai fito da ƙofar ƙarfe, ya matsar da naka. In motar kaya ta zo, duk wanda ke kusa ya tura na kowa gefe. Ba a neman izini, ba a godiya, kuma tun da aka buɗe layin ko madubin babur ba a taɓa sacewa ba.

Daura da shagon Sakan akwai rumfar Baba Mai Kushin, dattijon da ke ɗinka kujeru. Ya haura saba'in, gashinsa fari fat, kullum akwai zaren soso maƙale a gemunsa, kuma a bakin ƙofa yake aiki don idonsa ya fi son hasken waje. Shi ya yi wa kujerar babur ɗin Sakan sabuwar fata shekara goma sha bakwai da suka wuce, ya sake yi mata sau biyu bayan nan. A ranar farko da ya ɗaura ta ya ce, "Rana ce maƙiyiyar fata. Kada ka bar min aiki a rana."

To, da safe inuwa tana ɓangaren Sakan. Kafin sha biyu sai ta tsallaka zuwa ɓangaren Baba. Sakan kuwa in ya sa gilashin ido ɗaya ya duƙufa a cikin agogo, ko gini ne ya rushe ba zai ɗago ba. Shi ya sa tun daga ranar, kullum sha biyu saura kwata, Baba zai ajiye basilla, ya karkaɗe rigarsa, ya tsallako, ya sauke babur daga kan jak, ya tura shi a hankali zuwa ƙarƙashin rumfarsa. Ƙarfe ɗaya kuma Sakan zai rufe gilashin teburinsa ya bi babur ɗin, su zauna a kan duk kujerar da Baba bai gama ba, mai shayi ya miƙo musu kofi biyu. Baba zai yi ƙorafin soson zamani da ba ya jure zaman mai ƙiba, Sakan zai yi ƙorafin agogon roba da ba a buɗewa. Minti ashirin da biyar daidai. Sakan yana son wannan zama fiye da yadda zai iya faɗa, kuma bai taɓa ƙoƙarin faɗa ba.

Abin ya faro ne daga ofishin inshora. Sakan ya je sabunta takardar babur kamar yadda yake yi kowace shekara, kwana uku kafin ta ƙare, sai ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfuta ya ga kuɗin ya ƙaru.

"Me babur ɗin ya yi muku bana?" ya tambaya.

"Ba naka kaɗai ba ne, Malam. Satar babur ta yi yawa, kowa an ƙara masa." Ta jawo wata takarda. "Amma bari mu duba ko akwai ragin da za ka samu. Da rana a ina kake ajiye shi?"

"A layinmu."

"Cikin gareji?"

"A layi dai. Gaban shago."

"Akwai mai gadi?"

Sakan ya ɗan yi tunani. "Akwai Baba."

"Ma'aikacin tsaro ne? Yana da takardar kamfani?"

"Kujeru yake ɗinkawa."

Ta yi dariya, ba ta raini ba, ta duba takardar sama da ƙasa ta ce babu gurbin Baba a ciki. Akwai gurbin gareji, akwai na sarƙa mai kwado, akwai na ƙararrawa. In ya sa ƙararrawar ɓarayi daga cikin irin da kamfanin ya amince da su, ya kawo rasit, za a rage masa kashi biyar cikin ɗari.

Kashi biyar! Tun a kan hanyar gida kalmar ke masa yawo a ka. Da ya isa ya tarar da matarsa, Maman Biyu, tana duba littattafan ɗalibanta a falo. Malamar lissafi ce a firamare, kuma ita kaɗai ce a duniya Sakan ke tsoron yin lissafi a gabanta. Ya faɗa mata ragin, ya faɗa mata kuɗin ƙararrawar da na mai ɗaurawa, don ya biya ta shagon ya tambaya. Ba ta ko ajiye jan biro ba.

"Shekara shida kafin ka mai da kuɗinka," ta ce.

"Shida da wata huɗu."

"Ka ga kuwa. Kai da bakinka. Baban Biyu, wannan babur ɗin zai kai shekara shida?"

"Zai kai goma."

"To ita ƙararrawar fa? Waɗannan abubuwan da ruwa ɗaya ke kashewa?"

"Ragi ragi ne," in ji shi. "Ya za a yi a ajiye min ragi a kan tebur in tashi in bar shi?"

Nan ta gane magana ta ƙare. Ta san mijinta: zai iya kyautar da agogon zinariya bai ji komai ba, amma a ce akwai kashi biyar da ya cancanta bai karɓa ba, wannan ba zai yi barci ba. Ta koma kan littattafanta tana cewa Allah ya sa alheri.

Ranar hutu aka ɗaura ta. Mai wayarin, wato mai haɗa wayoyin lantarki, ya ɓoye akwatin a ƙarƙashin kujera, ya miƙa masa rimot biyu, ya nuna masa maɓallin kullewa da na buɗewa. In ka danna na farko babur ya yi ƙyat sau ɗaya, in ka danna na biyu ya yi ƙyat-ƙyat. In an kulle, ko jingina aka yi da shi zai kwarma ihu. Sakan ya yini a tsakar gida yana dannawa yana saurare, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko sun sayi tsuntsu.

Ya yi niyyar gaya wa Baba, wannan gaskiya ne, kada a zalunce shi. Amma da ya iso ranar Litinin Baba ya tafi sayo soso, rumfar a rufe. Ya sauka, yatsansa da ya yini yana koyon dannawa ya danna da kansa, babur ya yi ƙyat, shi kuma ya shige shago. Bai gama zama ba wata mata ta kawo agogon aljihun mahaifinta da ya rasu, tsohon aiki mai kyan gaske, irin wanda Sakan ke shekara bai ga kamarsa ba. Ya sa gilashi a ido ya buɗe bayan agogon. Daga nan duniya ta ɓace masa.

Sha biyu saura kwata, yana riƙe da wata siririyar waya a bakin hantsaki, ƙara ta tsaga layin.

Wayyo, ihu kenan! Kamar motar asibiti uku sun shigo lokaci ɗaya. Wayar ta yi tsalle daga hantsakin. Sakan ya fito a guje, gilashin na nan maƙale a idonsa, yana lalubar aljihu. Abin da ya tarar shi ne wannan: babur a tsakiyar layi ya karkata yana walƙiya da fitilu, Baba riƙe da hannunsa ɗaya don kada ya faɗi, sai wani ƙato ya cakumi wuyan rigar Baba ta baya yana ihu, "Ɓarawo! Ga shi na kama shi!" Sabon ɗan haya ne, mai sayar da kayan waya, kwanansa huɗu a layin, bai san kowa ba. Hular Baba tana ƙasa cikin ruwan da mai shayi ya zubar.

Sakan ya danna rimot, ihun ya tsaya. Ya kama babur ya miƙar da shi, ya kafe shi, ya shafa tankin da tafin hannu ko ya ƙuje. Bai fi sakan biyu ba. Sannan ya juyo.

Kafin nan mai walda ya riga ya iso ya fizge hannun mai kayan waya. "Kai, kana da hankali kuwa? Baba ne! Sake shi!" Mutane sun cika layin, har da masu wucewa da ba su san hawa ba balle sauka, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Mai kayan waya ya yi tsuru-tsuru, yana ta cewa shi dai ya ji ƙara ya ga mutum na tura babur.

Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki hularsa, ya matse ta, ya gyara wuyan rigarsa da ya yage kaɗan. Sai ya dubi Sakan.

"Ka yi haƙuri, mai agogo," ya ce a hankali. "Ban san an canza doka ba."

Ya tsallaka ya koma rumfarsa. Ƙarfe ɗaya da Sakan ya leƙa, Baba ya juya baya yana buga ƙusa, kuma kofi ɗaya ne a gefensa.

Da yamma ya ba Maman Biyu labari, yana ta nanata cewa ya yi niyyar faɗa masa, matar agogon ce ta zo, kuma ai shi bai ce a kama kowa ba. Ta saurare shi har ya gama.

"Dattijon da ya riƙe 'yan biyu a cinya ranar da na kai su shago suna jarirai?" ta ce. "Shi aka shaƙe a gaban jama'a saboda kashi biyar ɗinka?"

"Zan ba shi haƙuri."

"Ka ba shi. Kuma ka bar agogo a gida in za ka je, kada ka auna masa haƙurin da minti."

Washegari tun da safe ya tsallaka. Ya gaishe da Baba, ya ce jiya kuskure aka yi, ya yi bayanin inshora, ya yi bayanin ragi, har ya fara bayanin shekara shida da wata huɗu kafin ya ji kansa ya yi shiru. Baba yana yanka yadi, bai ɗago ba.

"Ba komai," ya ce. "Kayanka ne, ka tsare abinka. Ba komai wallahi."

Akwai ba komai da ke buɗe ƙofa, akwai kuma wanda ke rufe ta har da sakata. Sakan ya san wanne aka ba shi. Abin da ya fi ci masa rai, da rana tsaka ya hango mai kayan waya ya je ya durƙusa gaban Baba, Baba ya dafa kansa yana dariya, har ya miƙa masa kujera. Shi an yafe masa nan take. Mai shayi, wanda ba a ɓoye masa komai a layin, ya kawo wa Sakan kofinsa har shago ya ce, "Baba ya ce shi wancan bai san shi ba, don haka ba shi da laifi." Ya ajiye kofin ya fita.

Daga ranar Sakan bai sake kunna ƙararrawar a layin ba. Kullum zai kafe babur a firi, kai a buɗe, daidai inda ya saba. Sha biyu saura kwata sai ya ga hannunsa ya tsaya da aiki. Agogo goma sha ɗaya suna nuna masa lokacin, yana kallon ƙofa ta gefen ido. Inuwa ta janye daga kan babur, ta tsallaka, rana ta sauka a kan kujerar. Baba na can yana ɗinki, kansa a sunkuye.

Ba wai Baba ya daina gaisuwa ba ne. Yana gaisuwa, har da tambayar iyali. Amma Sakan ɗin ya ɓace daga bakinsa, sai mai agogo. Kuma in motar kaya ta shigo, kowa zai matsar da babur ɗin kowa, a bar na Sakan a tsaye, a aiko a ce ya fito ya janye abinsa. Ba wanda ke son a yi masa ihu.

Zai iya tura babur ɗin da kansa zuwa wata inuwar, akwai ta bayan shagon mai walda. Ya ƙi. A ransa, ranar da ya tura shi da hannunsa, ranar ya amince cewa an gama. Don haka ya bar shi a rana. Da yamma in ya hau, kujerar ta ɗau zafi har sai ya yi rabin hanya a tsaye a kan matakan ƙafa na babur, yara na nuna shi. Maman Biyu ta ce wannan ba tuba ba ne, taurin kai ne da ya sa rigar tuba. Ya ce ta bar shi.

Ya koma ofishin inshora da rasit, don ko me ya faru ba zai bar ragin ba. Ma'aikaciyar ta buga, ta nuna masa sabon adadin. Ya dube shi ya ga abin da aka rage bai kai kuɗin shayin wata ɗaya ba. Ya tambaye ta in ya cire ƙararrawar fa? Ta ce sai ya sanar, ragin ya tashi, kuma in aka sace babur alhali ya ce akwai ƙararrawa babu, kamfani zai iya ƙin biya. Ya fito da takardar a hannu, bai ji daɗin da ya zata zai ji ba ko kaɗan.

A hanya ya biya wurin mai wayarin, ya tsaya a bakin shagon kamar zai ce a yanke wayar. Sai ya tuna cewa ai mako biyu kenan ƙararrawar ba ta yi ko tari ba a layin, kuma Baba bai tsallako ba. Ashe ba wayar ce matsalar ba. Ya juya ya tafi.

A mako na uku fatar ta tsage. Ƙaramar tsaga ce a gefen dama, kusa da ɗinki, soso ya leƙo rawaya. Sakan ya tsaya yana kallonta da yamma, kuma abin mamaki, sai ya ji wani sanyi a ransa. Washegari da safe ya ɗauko sufana ya kwance kujerar, ya rungume ta, ya tsallaka layin kamar kowane mai kawo aiki.

"Baba, na kawo gyara."

Baba ya dubi kujerar ta saman tabarau. Ya so ya ce a ajiye a can, an ga alama. Amma hannunsa ya riga bakinsa. Ya karɓa, ya juya ta, ya danna fatar da babban yatsa, ta yi ƙara kamar busasshen ganye. Fuskarsa ta canza.

"Kai!" ya ce. "Kai, Sakan! Wannan wace irin mugunta ce? Fatar da na zaɓa da hannuna? Dubi nan. Dubi nan kuma! Ko mai ba ka shafa mata ba. Mako uku ina kallonta tana gasuwa, ina cewa yanzu zai fito, yanzu zai fito. Ba ka da ƙafa ne? Ba ka da hannu? Mutum da agogo goma sha ɗaya bai san lokacin da rana ke juyawa ba!"

Tunda Sakan yake, ba a taɓa yi masa faɗan da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ya ji sunansa ya dawo. Ya zauna a kan wata kujera mai ƙafa uku ba tare da an ce ya zauna ba.

"Na san lokacin, Baba," ya ce. "Kullum ina kallo. Jira nake ka zo."

Baba ya ci gaba da shafa tsagar.

"Shekara goma sha bakwai kana tura min babur," Sakan ya ci gaba. "Ban taɓa cewa na gode ba. A ofishin inshora aka tambaye ni wa ke gadinsa, na ce kai, aka ce babu gurbinka a takarda, ni kuma na yarda da takardar. Na ji kunya, Baba. Har yanzu ina jin ta. Ihun da abin nan ya yi maka—"

"Ba ihun ba ne," Baba ya katse shi. "Ƙarfe ne, an ce ya yi ihu ya yi. Ba kuma yaron da ya shaƙe ni ba ne, shi taimako ya zo yi." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Da ka fito, ina kallonka. Wani na riƙe da wuyana, hulata na cikin ruwa. Ka san inda idonka ya fara zuwa?"

Sakan ya sani. Tun ranar ya sani, ya dai yi ta zagaye wurin ne bai taka ba.

"Tanki ka shafa," in ji Baba. "Ka shafa tanki, sannan ka dube ni."

Sakan, karo na farko a rayuwarsa, bai kawo bayani ba. Bai ce sakan biyu ne kawai ba, ko da yake ya san sakan biyu ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka aka yi. Ka yafe min."

Baba ya mai da tabarau. Ya jawo wani naɗin fata daga ƙarƙashin tebur ya fara gwadawa a kan kujerar. "Jibi ka zo ka karɓa. Kuma cikakken kuɗi za ka biya, babu ragin kashi biyar a nan."

Sakan ya miƙe. Kafin ya fita ya zaro rimot na biyu daga aljihu ya ajiye a kan teburin, tsakanin almakashi da gwangwanin ƙusa. Ya ce na sama kullewa, na ƙasa buɗewa, ja na tsakiya kuma kada a taɓa shi, shi ke tayar da ihun da gangan. Baba bai ko kalli wurin ba. Ya ce a matsa masa daga haske.

Kwana biyu Sakan yana hawa motar haya. Ranar Alhamis ya karɓi kujerar, sabuwa fil, ɗinkin layi biyu, ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, ya ɗaura. Rimot ɗin ba ya kan tebur, amma Baba bai ce komai a kai ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar Juma'a ya iso, ya kafe babur a wurinsa. Ya daɗe tsaye da rimot a hannu. In bai kulle ba, ba zai san ko Baba ya karɓi rimot ɗin ba. In ya kulle kuma Baba ya jefar da nasa a kwandon shara, to ya sake kafa tarkon da ya kama shi. Ya rufe ido ya danna. Ƙyat.

Aikin safiyar nan dai ba a yi shi ba. Ya sa wa agogo ɗaya batir a juye, ya ba wani mutum canji sau biyu. Sha ɗaya da rabi. Sha biyu saura ashirin. Ya ajiye hantsaki ya ɗora hannuwa a kan gilashin tebur, bai yarda ya dubi ƙofa ba.

Ƙyat-ƙyat.

Sai ƙarar jak ya koma sama, sai tayoyi suna murza tsakuwa a hankali, suna nisa. Sakan ya ɗaga kai. Ya duba bango: sha biyu saura kwata, har da sakan goma na latti, kuma ya yafe su. Ya mai da gilashi a ido, ya shiga cikin agogon da ke gabansa da daɗin rai irin wanda ya kwana biyu bai ji ba. Ya nutsa sosai har ƙarfe ɗaya ta zo ta wuce bai sani ba.

Ɗaya da minti shida ihu ya tsaga layin.

Kujerarsa ta kife. Ya fito a guje, ya kusa ture mai shayi, ya tsallaka layin yana kiran "Baba! Baba!" Ya wuce babur ɗin da ke walƙiya a ƙarƙashin rumfa, har gwiwarsa ta bugi madubin ya juye, bai ko waiga ba. Ya tsaya a gaban dattijon yana haki, yana duba wuyansa, yana duba hularsa.

Baba na zaune a kan doguwar kujera da ba a gama ba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, hula daram a ka. Rimot ɗin na rataye a wuyansa da igiyar fata da ya ɗinka masa, babban yatsansa a kan jan maɓallin. Mai walda da mai kayan waya suna leƙowa suna ƙunshe dariya. Baba ya danna na ƙasa, layin ya yi tsit.

Ya dubi madubin da ya juye, ya dubi Sakan, ya daɗe yana dubansa.

"To," ya ce. "Yau ka duba daidai."

Ya matsa gefe ya buga soson da ke kusa da shi da tafin hannu. Kofi biyu ne a kan akwatin ƙusa.

"Zauna, Sakan. Ka yi lattin minti shida, shayin ya fara hucewa."